GARGAƊI: Idan Kai Na Ƙaiƙayi Gashi Na Zubewa, A Bar Gwaje-gwaje A Nufi Asibiti

Ana kira ga iyaye, malaman tsangaya da na makarantun kwana, wanzamai, masu shagon aski, makitsa da masu kemis, da su saurari wannan gargaɗi, su kuma isar da shi ga na kusa da su. Duk kan da ke ƙaiƙayi, gashinsa kuma na zubewa ko karyewa, to akwai ciwo a fatarsa, kuma wasu cututtukan da ke kawo haka suna kashe saiwar gashi har abada. Da adadin saiwoyin gashinsa ake haihuwar mutum, kimanin 100,000 a kai, jiki kuwa ba ya ƙera sababbi. Idan kumburi ya daɗe yana cin saiwa har tabo ya maye gurbinta, wurin ya zama fako: a zuba masa taki, a yi masa ban-ruwa, ba abin da zai tsiro. Makonnin da ake ɓatawa wajen gwada wannan mai da wancan sabulu, a cikinsu ne ake tafka wannan asara.

Kada kuma a firgita a kan abin da ba ciwo ba. Lafiyayyen mutum na zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a kowace rana. Matar da ta yi wata guda da kitso, ranar tsifa za ta ga gashi cunkus a mataji, domin wanda ya saki tun makonnin baya ne kitson ya riƙe. Abin da ke bukatar gaggawa shi ne zubewar da ta zo da ƙaiƙayi, raɗaɗi, ɓawo, ƙuraje, mugunya, ko fili da ke buɗewa a kai yana ƙara faɗi.

Makero: mai ba ya warkar da shi

A kan yaro, abin da za a fara zargi shi ne makero. Ƙwayar cuta ce dangin fumfuna take kawo shi, kuma yara daga shekara 3 zuwa balaga ta fi kamawa. Wani nazari da mujallar Mycoses ta buga a 2021, wanda ya tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka, ya ƙiyasta cewa kashi 23 cikin 100 na yaran nahiyar suna ɗauke da shi. Wannan yawan ne ya sa muka raina shi. Sai ka ji ana cewa, "Ai makero ne, kowane yaro yana yi, in ya girma zai bari." Gaskiya ne da yawa yakan lafa bayan balaga, amma kafin nan ya shafa wa ƙanne da abokan karatu, wasu kuma ya bar musu tabon da za su tsufa da shi.

Kamanninsa sun bambanta. Wani lokaci fili ne zagayayye mai fari-fari kamar an barbaɗa toka, gashin wurin ya kakkarye. Wani lokaci gashin daidai fata yake karyewa, sai a ga ɗigo-ɗigo baƙi. Akwai wanda ke kama da amosani kawai. Alamar da ke yawan tona shi ita ce kaluluwa a ƙeya ko bayan kunne. Mafi muni shi ne wanda kan ke kumbura ya yi luhu-luhu, yana tsattsafo da mugunya ta ramukan gashi, yaro ba ya yarda a taɓa. Jama'a kan ɗauka maruru ne, su kai wa wanzami ya tsaga. Kada a tsaga. Jiki ne ke faɗa da ƙwayar cutar, aska kuwa sai dai ta ƙara rauni, ta buɗe wa wasu cututtuka ƙofa, ta faɗaɗa tabo.

Makero yana yaɗuwa ta aska, kilifa, mataji, hula, ɗankwali, tawul, matashin kai da tabarmar kwana. Wani nau'insa daga kyanwa da kare ake ɗauka, wani daga maruƙa masu ɓawo a fuska da wuya, don haka yaran da ke kiwo ma suna cikin haɗari. Babba a gida zai iya ɗaukar ƙwayar a kansa ba tare da wata alama ba, yana ta mayar wa yaron da aka yi wa magani.

Ga abin da ya kamata kowane uba da uwa su riƙe: ƙwayar makeron kai tana shiga can cikin silin gashi da saiwarsa, inda man shafawa ba ya kaiwa. Maganin sha ne ke kashe ta. Wanda aka fi sani shi ne griseofulvin, da ake amfani da shi tun 1958, ana shan sa kullum na mako 6 zuwa 8, wani lokaci fiye. Sai an haɗa shi da abinci mai maiƙo, kamar madara, ƙwai ko tuwo da miya mai mai, sannan yake shiga jini sosai. Akwai kuma terbinafine, wanda ga wasu nau'o'in mako 4 yake ɗauka. Ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa, bisa nauyin yaro yake auna adadin, don haka kada a raba wa yaro ƙwayar wani. Kuskuren da ya fi yawa shi ne dainawa a mako na biyu saboda ƙaiƙayi ya lafa. Ciwon zai dawo. A haɗa da sabulun ruwa na wanke kai mai ketoconazole ko selenium sulfide sau 2 a mako, don rage yaɗa shi, a kuma duba kawunan duk 'yan gida. Yaron da ya fara shan magani zai iya ci gaba da zuwa makaranta.

Mai ciki ba ta shan griseofulvin. Yana kuma rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, magidancin da ya sha shi ana shawartarsa da ya jinkirta neman haihuwa har wata 6 bayan ya gama. Ƙwayar ketoconazole ta sha kuwa, wadda wasu kemis ke miƙa wa duk mai ciwon fata, tun 2013 hukumomin magunguna na Turai suka dakatar da ita a wannan aiki, na Amurka suka taƙaita ta ƙwarai, saboda tana lalata hanta. Sabulunta na wanke kai ba ya cikin wannan hukunci. Duk mai shan maganin makero da idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, ko amai ya matsa masa, ya dakatar ya koma asibiti a ranar.

Man kemis "mai aiki uku"

A kula da mayukan da ake sayarwa da sunan suna maganin kowane ciwon fata. A juya kwalin a karanta. Idan an ga betamethasone ko clobetasol, to akwai sinadarin sitiroyid mai ƙarfi a ciki. Aikinsa danne kumburi, shi ya sa cikin kwana biyu ƙaiƙayi ke tsayawa, uwa ta yi hamdala. Amma garkuwar fata ce ya kwantar, ƙwayar makero sai ta samu sarari ta bazu, kamanninta su sauya har likita ya sha wahalar gane ta. Daɗewa ana shafa shi na sa fata ta yi siriri, a jikin jariri kuwa yana ratsawa ya shiga jini. Likitoci na ba da sitiroyid a wasu cututtukan kai, amma bayan sun tabbatar da abin da suke yi wa magani, kuma na ƙayyadadden lokaci.

A nisanci baƙin mai, man birki, ruwan batir, kananzir, dakakkiyar tafarnuwa da nonon tumfafiya. Dukansu ƙona fata suke yi. Raɗaɗin da ake ji, wanda ake cewa "maganin ne ke aiki", ƙuna ce, kuma ƙuna tabo take bari. Nonon tumfafiya idan ya gangaro ido yana iya illata gani.

Amosani

A kan babba, amosani ne kan gaba wajen kawo ƙaiƙayi. Wata ƙwayar yis mai suna Malassezia, da ke zaune a fatar kowa tana cin maiƙo, ita ce ke tsokano shi a jikin wasu. Idan ya yi tsanani, ɓawon kan yi maiƙo-maiƙo, ya sauko gira, gefen hanci, bayan kunne da gemu. Shi kansa ba ya kashe saiwa. Susa da farce da tsinke ce ke karya gashi, ta yi wa fata rauni.

Abin da aka saba yi, wato a tsaga kai a cika shi da mai, yana kwantar da ɓawon a ido na kwana ɗaya ko biyu, amma mayuka irin su man zaitun abinci ne ga ƙwayar. A shafa mai a jikin gashi, a bar fatar kai ta sha iska. A wanke kai da sabulun ketoconazole mai kashi 2 cikin 100 sau 2 a mako, na mako 2 zuwa 4, a bar kumfar ta yi minti 5 kafin a ɗauraye. Bayan ya lafa a riƙa yi sau 1 a mako ko a mako biyu, domin amosani yana dawowa. Mata su bari gashi ya bushe sarai kafin a ɗaure shi a rufe da ɗankwali da hijabi, musamman a bazara. Idan ɓawon ya yi kauri, fari fat, har akwai irinsa a gwiwa da gwiwar hannu, wata cuta ce daban da likitoci ke kira soriyasis, maganinta daban ne. Amosanin da ya taso farat ɗaya da tsanani, ya ƙi jin magani, dalili ne na yin gwajin cutar HIV.

Ƙwarƙwata: fiya-fiya tana kisa

Wannan sashe maganar rai ce. Akwai masu zuba fiya-fiya ko Sniper a kan yarinya, su ɗaure da leda, don kashe ƙwarƙwata. Sinadarin da ke cikinsu, dichlorvos, guba ce da ke ratsa fata ta shiga jini, kan da aka sosa ya yi rauni kuwa ya fi saurin tsotse ta. A 2019 jaridun Najeriya sun ba da labarin wata matashiya a jihar Osun da ta rasu bayan ta sa Sniper a gashinta. A shekarar ce kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantunan kayan masarufi. Kananzir da fetur su ma sun ƙone yara da dama da suka matsa kusa da murhu ko fitila.

Idan an riga an sa, aka ga dalalar miyau, gumi, amai, zawo, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi na sarƙewa ko jijjiga, a tuɓe kayan, a wanke kai da jiki da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankewar ya sa leda a hannu, a garzaya asibiti da kwalbar. Kada a tsaya ɗura manja ko madara. Akwai allurar da ke karya wannan guba, amma sai an isa da wuri.

Maganin ƙwarƙwata na gaskiya yana nan: permethrin mai kashi 1 cikin 100 ko dimeticone, a sa yau, a maimaita bayan kwana 7, saboda ƙwan da ya tsira yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. A riƙa taje jiƙaƙƙen gashi da mataji mai ƙananan haƙora duk bayan kwana 3 ko 4 har mako 2. Duk masu ita a gida a yi musu rana ɗaya. Ƙwarƙwata ba ta wuce kwana 2 a raye idan ta bar kan mutum, don haka wanke ɗankwali da rigar matashi da ruwan zafi ya wadatar. Ba ta kuma zaɓen kai mai dauɗa, kada kunya ta sa a ɓoye.

Kitso, rilaksa da dayis

"Bari ya kama da kyau, ya daɗe." Da wannan magana ake cinye gaban goshin 'yan mata. Kitson da ya ja fata har gira ta ɗaga, ya hana barci, ya sa shan maganin ciwon kai, ya fito da ƙananan ƙuraje a layin tsaga, yana tumɓuke saiwa ne a hankali. Ƙarin gashin doki na daɗa nauyi. Binciken Farfesa Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, wanda aka buga a 2007, ya samu wannan nau'in sanƙo a kashi 31.7 cikin 100 na matan da aka duba, da kashi 17.1 na 'yan mata 'yan makaranta, kuma haɗarin ya fi yawa idan an yi matsattsen kitso a kan gashin da aka sa wa rilaksa. A farko gashin yana dawowa idan an sassauta. Bayan shekaru ana ja, ba ya dawowa. Kitson da ya yi zafi a kwance shi a ranar, ko nawa aka biya. A riƙa sauya salon kitso da wurin tsaga, a bar kai ya huta tsakanin kitso da kitso, a kuma ƙyale ƙananan gashin gaban goshi.

Rilaksa sinadari ne mai cin fata, yawancinsa dangin soda. Wadda ta ji raɗaɗi ta wanke nan take. Kada a sa shi a kan da ke ƙaiƙayi ko mai rauni, kada a sa wa ƙananan yara, kada a maimaita kafin mako 8, kuma sabon tsiro kaɗai ake shafa wa.

Baƙin rinin gashi da dayis ɗin da ake haɗawa da lalle suna ɗauke da sinadarin PPD. Jikin wasu ba ya karɓarsa, kuma matsalar takan ɓulla ne kwana 1 zuwa 3 bayan an shafa: ƙaiƙayi mai tsanani, ƙuraje masu ruwa, kumburin goshi da fatar ido. Wanda ya shekara yana rini lafiya ƙalau zai iya wayar gari jikinsa ya ƙi, daga ranar kuwa ya rabu da shi ke nan. Amaren da aka yi wa ƙunshin dayis ya tashi da ƙuraje, su sani rinin gashi ma zai iya yi musu haka ko fiye. Dattawa masu rina furfura da gemu su gwada ɗan kaɗan a bayan kunne, su jira awa 48. Idan leɓe, harshe ko maƙogwaro ya kumbura, asibiti kai tsaye. A ɓoye dayis daga yara, domin shan sa na toshe numfashi ya lalata ƙoda, abin da asibitocin Sudan suka daɗe suna fama da shi.

Sanƙon tsakar ka da ƙurajen ƙeya

Akwai wata cuta da ta fi kama mata baƙar fata daga shekara 30 zuwa sama. Tana farawa a tsakar kai, tana faɗaɗa a zagaye, sau da yawa da ƙaiƙayi, tsira-tsira ko zafi idan an taɓa. Fatar wurin takan yi sumul tana sheƙi, ba a ganin ramukan gashi. A 2019 masu bincike, ciki har da Farfesa Ncoza Dlova ta Afirka ta Kudu, suka gano cewa tana da alaƙa da gado a jikin wasu matan. Saboda ɗankwali na rufe wurin, mata kan shekara da shekaru suna ɓoyewa, ko su jingina abin ga sammu da sharrin kishiya. A yi addu'a, a kuma je wurin likitan fata, domin magani na tsayar da ita ya ceci gashin da ya rage, wanda ya riga ya tafi kuwa ya tafi. A sa 'yar'uwa ta ɗauki hoton tsakar kan da waya duk wata, a gani ko filin na ƙaruwa.

Maza kuma ƙurajen ƙeya ne nasu: ƙanana, masu tauri da ƙaiƙayi, suna jini wajen aski, su haɗe su zama tudun tabo marar gashi. Askin ƙwal-kwabo, gyaran layin ƙeya da reza, da gogar wuyan riga ko bakin hula suna tsananta su. A daina kankare wurin, a daina matsa su, kada a yarda wani ya ɗiga musu asid. Da wuri ana shawo kansu da mayuka, ƙwayoyi ko allura a cikin tabon. Idan sun girma sai tiyata.

Wata zubewar ba ta da alaƙa da fatar kai. Mai jego, ko wanda ya tashi daga taifot ko doguwar jinya, gashinsa kan zube wata 2 zuwa 3 bayan haka, ya kuma dawo da kansa. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna sa haka, gwajin jini ke nuna su. Masu sayen maganin tsirar da gashi na minoxidil a intanet su sani ba ya kashe makero, ba ya tsirar da gashi a kan tabo, shi kansa yana sa wasu ƙaiƙayi, kuma ba a ba mai ciki.

Ga masu sana'ar kai

Wanzamai, masu aski da makitsa, ku ne kuke fara ganin ciwon tun kafin mai kan ya sani. Ku faɗa masa cikin sirri da mutunci, ku tura shi asibiti. Reza ɗaya, mutum ɗaya, har a askin suna. Fesa sifirit a kilifa a kyasta mata wuta na daƙiƙa biyu bai isa ba. A goge gashin da ke maƙale a haƙoranta tsaf, a sa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta a bar shi ya jima, mataji da tsinke a jiƙa su a ruwan bilic. Kayan askin da suka taɓa jini suna iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B daga wani zuwa wani. A cunkoson askin Sallah da kitson Sallah ne aka fi sakaci, a nan ya kamata a fi kula. Malaman tsangaya da masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai su riƙa duba kawunan yara duk wata, su hana aron hula da mataji. Mai hali ya saya wa gidansa kilifa.

Wa zai tafi, kuma yaushe

A tafi asibiti yau idan kai ya kumbura yana mugunya, idan akwai zazzaɓi tare da ciwon, idan fuska ta kumbura bayan rini, ko an sa maganin ƙwari a kai. A tafi cikin makon nan idan yaro na da fili ko ɓawo a kai, idan akwai kaluluwa a ƙeya, idan tsakar kai ko gaban goshi na raguwa, idan fatar wani wuri ta yi sumul, ko an yi mako 4 ana wanke amosani ba sauƙi. A fara da asibiti mafi kusa, idan abin ya gagara a nemi takardar zuwa wurin likitan fata, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A tafi da duk kwalaye da kwalaben abin da aka shafa ko aka sha, kada a lafta mai a kai ranar zuwa, domin likita na iya kankarar ɓawo ko cire silin gashi don gwaji. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, limamai da masu unguwanni su sanar. A daren yau kowace uwa ta zaunar da 'ya'yanta a wuri mai haske, ta duba kawunansu ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.